Daga Buhun Wake Zuwa Birnin Kano: Yadda Yawa Ke Ƙaruwa da Abin da Ke Taka Masa Birki

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ajiye wake a Dawanau ya san wannan labarin. An zuba wake a buhu bayan kaka, fes, ba a ga ƙwaro ko ɗaya ba. Wata ɗaya ya wuce, lafiya lau. Wata na biyu aka ga 'yan huji nan da can, aka ce ba komai. Kafin a cika wata huɗu an buɗe buhu sai gari da wari. Mai kaya zai ce ƙwaro ya faɗa wa waken dare ɗaya, alhali tun daga gona aka zo da shi, ƙwansa na manne a jikin ƙwaya.

Lissafin ba shi da wuya. Macen ƙwaron wake tana zuba ƙwai da dama, wani lokaci har kusan 100, kuma idan akwai zafi, daga ƙwai zuwa babban ƙwaro bai fi wata guda ba. A ɗauka mata 10 ne suka shiga buhu, kowace ta bar 'ya'ya mata 20 da suka rayu. Wata na farko sun zama 200, na biyu 4,000, na uku 80,000, na huɗu miliyan 1.6. Buhu mai kilo 100 kuwa ƙwayar waken da ke cikinsa ba ta fi rabin miliyan da ɗoriya ba. Saurin haihuwar bai canza ba tun daga ranar farko. Abin da ya canza shi ne yawan masu haihuwar. Wannan ƙaruwa ta ninki-ba-ninki ita ce tushen ilimin da ke nazarin yawan halittu a muhallinsu, kuma dokarta ɗaya ce ga ƙwaro, ga kifi, ga sauro, ga ɗan Adam, duk da cewa ɗan Adam yana da abin da sauran ba su da shi.

Ƙofofi huɗu ne kawai yawa ke canzawa ta cikinsu: haihuwa, mutuwa, shigowa da fita. Abinci, ruwa, cuta, yaƙi, kasuwa, aure, ilimi, duk sai sun bi ta ɗaya daga cikin waɗannan kafin su taɓa adadi. Akwai kuma ɗan lissafi da ya kamata kowane mai tsara gari ya haddace: a raba 70 da kason da yawa ke ƙaruwa a shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da zai ɗauka ya ninka. Kashi 2 cikin ɗari, shekara 35. Kashi 3, shekara 23. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 5.8, ta 2006 ta ba ta kusan miliyan 9.4. An yi ta gardama a kan alƙaluman ƙidaya a Najeriya, amma idan aka ɗauke su yadda suke, ƙaruwar ta kai kashi 3.2 a shekara, wato ninki a cikin shekara 22 ke nan.

To amma ƙwaron wake bai cika duniya ba, bai ma cika Dawanau ba. A cikin buhun nan, da zarar tsutsotsi sun yi yawa a ƙwaya ɗaya sai su fara cinye abincin juna, waɗanda suka fito su fito ƙanana, ƙwansu ya ragu, zafi da danshi su taru, fumfuna ta shiga. Ƙaruwar sai ta lafa, daga baya ta tsaya. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Pierre Verhulst, shi ya fara tsara wannan a lissafi a 1838: yawa yana tashi a hankali, ya yi gudu a tsakiya, sannan ya kwanta idan ya kusa iyakar abin da wurin zai iya ɗauka. Masu kiwon tarwada a Kano suna ganin haka a kwaminsu. Idan aka cusa kifi fiye da kima, abinci ba ya isa kowa daidai, kashinsu yana ɓata ruwa, iskar da ke cikin ruwan ta ragu, manya su fara haɗiye ƙanana. Shi ya sa ake tace su a ware manya daga ƙanana tun suna 'yan makonni, ake kuma canza ruwa a kai a kai. Wanda ya ƙara abinci bai canza ruwa ba, ya ƙara wa kansa asara ne, domin ba abinci ne ya gaza ba.

Wannan batu na abin da ya gaza shi ne zuciyar maganar. Halitta tana buƙatar abubuwa da yawa, amma wanda ya fi ƙaranci shi ke yanke hukunci. Manomi ya san gonar da ba ta da ruwa ko an zuba mata taki buhu goma ba za ta yi ba. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma wajen 2007, da wannan dabarar yake aiki. Ba ya hana ƙwaro abinci, iska yake hana shi. Ana busar da wake sosai, a sheƙe shi, a duba ledojin a tabbatar babu huji, a zuba, a matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta daban, sannan a ɗaure buhun waje, a ɗora a kan katako nesa da ɓera. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Inda ake samun matsala sananne ne: an zuba wake da danshi, ko tsinke ya huda leda, ko ana buɗewa kullum ana ɗiban na miya. Huji ɗaya ya isa ya mayar da lissafin ninki kan aikinsa.

Abubuwan da ke rage yawa iri biyu ne, kuma rikita su yana jawo kuskure a aiki. Akwai waɗanda ƙarfinsu ke ƙaruwa da cunkoso: gasar abinci, cuta mai yaɗuwa, taruwar ƙazanta, maƙiya masu farauta. Akwai waɗanda ba ruwansu da yawa ko ƙaranci: fari, ambaliya, sanyin hunturu, gobara. Sauro a Kano ya fi bin na biyu. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana goma ne zuwa mako biyu, kuma abin da yake jira shi ne ruwa kwantacce. Damina na sauka, yawansa ya yi sama, zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya, ya fi tsanani daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Wannan ne dalilin da ya sa ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a cikin damina, ba duk shekara ba. Ƙyanda da mashaƙo kuwa na farkon ne. Mai ƙyanda ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da rigakafi, shi ya sa sai an yi wa kusan kashi 95 na yara allura kafin a toshe mata hanya. Ɓarkewar mashaƙo da ta fi ƙamari a Kano a 2023 ta samu abubuwa biyu a haɗe: unguwanni masu cunkoso, da tarin yaran da ba a yi wa rigakafi ba.

Tsutsar tumatir da ta afka wa Kadawa da Kura da kewaye a 2016 ta koyar da wani darasin. Asalinta daga Kudancin Amurka take. Ta iso inda ake noma tumatir fili guda, ga zafi, ga ƙarancin maƙiyan da suka saba cin ta. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai fiye da 200, kuma suna iya yin zuriya goma ko fiye a shekara. Manoma suka yi ta feshi, amma tsutsar tana cikin naman ganye inda magani ba ya isa sosai, feshin kuma yana kashe ƙwarin da ke taimakawa, sannan 'yan kaɗan da suka jure maganin su ne suka haifi zuriya ta gaba. Duk wanda ya yi ta maimaita magani iri ɗaya, da hannunsa yake zaɓo masu taurin kai yana ba su fili.

Abin da ya fi ban tsoro a wannan ilimi shi ne jinkiri. Iyaka ba ta yin magana nan take. A 1944 an kai wasu dabbobi dangin barewa, irin na ƙasashen ƙanƙara, guda 29 wani tsibiri mai suna St. Matthew a tekun da ke yamma da Alaska. Babu mai farautarsu, ga gansakuka ta shekaru aru-aru. A 1957 sun kai 1,350, a 1963 sun kai 6,000. Sai aka yi hunturu mai tsanani. Da aka koma a 1966, guda 42 aka tarar. Sun riga sun cinye abincin da ke ɗaukar shekaru kafin ya tsiro, suka shiga sanyi a rame. Yawan bai tsaya a kan iyaka ba, ya tsallake ta, kuma a wajen tsallakewar ya lalata ita kanta iyakar. Duk inda ake cin uwar kuɗi ana zaton riba ce, irin wannan na iya faruwa.

A nan ne mutane kan yi gaggawar cewa to haka ɗan Adam ma zai ƙare. Masanin tattalin arziki Thomas Malthus ya faɗi kusan haka a Ingila a 1798: jama'a na ninkawa, abinci na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, don haka yunwa da annoba ne za su daidaita su. A lokacin mutanen duniya ba su cika biliyan ɗaya ba. A watan Nuwamba 2022 sun kai biliyan 8. Abin da bai hango ba shi ne mutum yana iya matsar da iyakarsa. Takin zamani da ake haɗawa daga iskar sararin sama, wanda aka fara yi a masana'anta a Jamus a 1913, da ingantaccen iri, da noman rani, da jirgin ƙasa da mota, sun sa gona ɗaya tana ciyar da ninkin waɗanda take ciyarwa a da.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga wannan. Da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, kuma a cikin ganuwa akwai gonaki da fili mai yawa. Karkarar da ke kewaye da birnin ta daɗe tana cikin wuraren da suka fi yawan jama'a a wannan yanki na Afirka, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin dalili tun daga shekarun 1960. Abin da ke riƙe da ita aiki ne: a ɗaure tumaki da awaki a gida a tara takinsu, a kwashe harawa da karmami a ba su, a haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, a bar gawo da sauran itatuwa a tsaye, jakuna su kai itace birni su dawo da mangalar taki da toka. Yawan hannu ne ya sa wannan ya yiwu. Ester Boserup, masaniyar tattalin arziki 'yar Denmak, ta kafa hujja a 1965 cewa matsin yawan jama'a kan tilasta wa manoma su ƙirƙiro dabara, kuma karkarar Kano tana cikin misalan da suka fi goyon bayanta. Duk da haka iyakar tana nan. Da damina ta gaza a 1913, yunwar da ta biyo baya a 1914 ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a ƙasar Kano. Farin 1972 zuwa 1974 ya yi ɓarna ƙwarai, amma a lokacin akwai titi da mota da hatsin da ake kawowa daga nesa. A wannan zamanin ne kuma gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda noman rani na Kadawa ya dogara da ita.

Saboda haka tambayar ko Kano ta cika ba ta da amfani sosai. Tambayar da ta dace ita ce: a cikin abubuwan da birnin ke buƙata, wanne ne ya fi gazawa yau? A ganinmu ba abinci ba ne, domin birni yana saye daga nesa muddin akwai kuɗi a hannu da tsaro a hanya. Ruwa ne da tsafta, sai makaranta da aikin yi.

Ƙananan hukumomi takwas na birnin, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, sun tashi da kimanin mutum miliyan 2.8 a ƙidayar 2006. Don sauƙin lissafi a ce yanzu miliyan 4 ne, kodayake ƙaruwar kashi 3 za ta ba da fiye da haka. Lita 50 a rana ita ce abin da ake ɗauka a matsayin buƙatar mutum ɗaya ta sha da girki da wanka da wanki ba tare da almubazzaranci ba. Lita miliyan 200 ke nan kullum, ban da masana'antu da asibitoci. Kashi 3 na miliyan 4 mutum 120,000 ne, don haka kowace shekara sai an ƙara lita miliyan 6 a rana, jarka 240,000 mai cin lita 25, kafin a ce an tsaya inda ake. Inda ruwan famfon matatun Tamburawa da Challawa bai kai ba, rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa ne suka cike gurbi. Ƙarƙashin Kano kuwa dutse ne. Ruwan ƙasa yana zaune ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, kuma damina ta wata huɗu ce ke cika shi. Kowane gida ya haƙa tasa, kowa na zuƙa daga tulu ɗaya. A lokaci guda ana cike kududdufai ana gini a kai, ana shafe tsakar gida da siminti, wato ana toshe hanyoyin da ruwan sama ke bi ya nutse. Sakamakon biyu ne a tare: ambaliya a Agusta, ƙafewar rijiya a Afrilu. Wannan shi ne cin uwar kuɗi, kuma jinkirinsa ne ke sa ba a jin zafinsa sai ya yi nisa.

Haka batun masai. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar tazarar kusan mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fulotin awon igiya mai ƙafa 50 tsawonsa mita 15 ne kacal. Ko mai gida ya kiyaye, masan maƙwabcinsa na jingine da katangarsa. Da damina ruwan ƙasa ya taso, abin da ke cikin ramin ya tsiyaya zuwa rijiya, amai da gudawa da taifot su samu hanya. Ba yawan mutanen ne ya jawo ba kai tsaye, domin akwai biranen da suka fi Kano cunkoso nesa ba kusa ba kuma ba sa fama da kwalara. Cunkoso ne ba tare da bututu da magudana ba. Gonakin Ungogo da Kumbotso da Dawakin Kudu da ake yankawa fuloti ba tare da an fitar da titi da filin makaranta da hanyar ruwa ba, matsalar shekara talatin masu zuwa ake shukawa a cikinsu.

Sai ƙofar haihuwa, wadda ake yawan yi wa magana da zafi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Najeriya 5.3 ne, a Arewa maso Yamma 6.6, a Legas 3.4. Binciken ya kuma nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma adadin ya fi haka a Arewa maso Yamma. Waɗannan alƙaluma biyu a ɗaure suke da juna. Iyayen da suka saba binne yara ba za su taƙaita haihuwa ba, kuma hankali ne ya ba su haka. A kusan duk ƙasar da haihuwa ta ragu, mutuwar yara ce ta fara raguwa, sannan bayan wasu shekaru iyaye suka gamsu. A tsakanin nan ne yawa ke yin gudu mafi tsanani, kuma a nan muke. Ilimin mata shi ne na biyu: a wannan binciken, matan da ba su yi makaranta ba suna da matsakaicin 6.7, waɗanda suka wuce sakandare 3.4. Iran ta sauko daga sama da shida a farkon shekarun 1980 zuwa kusan biyu a wajen 2000. Bangaladash ta yi irin wannan tafiya a hankali. Dukansu ƙasashen Musulmi ne, kuma asibitin karkara da karatun 'ya'ya mata sun taka babbar rawa. Tilas irin ta Sin, da dokar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015, ta bar ta da tsufan jama'a da rinjayen maza, kuma tun 2022 yawanta ya fara raguwa. Koriya ta Kudu ta faɗi ƙasa da ɗa ɗaya ga kowace mace, tana neman yadda za ta farfaɗo. Raguwa ma tana da nata ciwon.

Tazarar haihuwa ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Kakanninmu sun san illar kwanika, sun san yaron da aka yaye da wuri saboda sabon ciki shi ne ke fara ramewa. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Shayarwa kanta tana jinkirta ɗaukar ciki, amma ana iya dogara da ita ne kawai idan jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, kariyar ta faɗi, kuma nan ne mata da yawa ke shan mamaki. Mai cewa arziki na Allah ne ya faɗi gaskiya. Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya san shekaru bakwai na fari na tafe, umarni ya bayar a ajiye hatsi a cikin zangarniyarsa.

Akwai abin da ko masu tsara manufofi kan manta. Fiye da kashi 40 na 'yan Najeriya ba su kai shekara 15 ba. Ko da gobe kowace mace ta koma haihuwar biyu, yawa zai ci gaba da hawa na shekaru da dama, domin iyayen gobe an riga an haife su, suna firamare da islamiyya da tsangaya a yanzu. A ɗauki birni mai mutum miliyan 4 da haihuwa 38 a cikin kowane mutum 1,000 a shekara, wanda shi ne ma'aunin ƙasa a binciken 2018. Jarirai 152,000 ke nan. A cire waɗanda ba za su kai shekara biyar ba, saura wajen 130,000. Idan aji na ɗaukar yara 40, 'yan aji ɗaya kaɗai suna buƙatar azuzuwa fiye da 3,200, kowanne da malaminsa, bayan shekara shida daga ranar suna. Wannan bai haɗa da 'yan ci-rani da suka zauna ba, da almajirai, da iyalan da rashin tsaro ya koro daga Zamfara da Katsina da Borno, waɗanda ke shigowa ta ƙofa ta uku ba tare da an rubuta su a ko'ina ba.

Duk wannan lissafi a kan ƙiyasi yake tsaye, domin rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Kafin a yi wata, akwai alƙaluman da ke hannu waɗanda ba a haɗa su wuri ɗaya: rajistar haihuwa a asibitoci, jerin gidajen da masu allurar rigakafi ke bi unguwa-unguwa, adadin sabbin ɗalibai a kowace firamare, da hotunan tauraron ɗan Adam da ke nuna rufin da aka ƙara a bana. Mai unguwa ya san gidan da aka yi suna da gidan da aka yi baƙi. Idan aka tattara waɗannan mazaɓa-mazaɓa, aka kuma riƙa auna zurfin ruwa a wasu zaɓaɓɓun rijiyoyi sau biyu a shekara, a ƙarshen damina da ƙarshen bazara, za a ga unguwar da ruwanta ke ja da baya tun kafin rijiyoyinta su ƙafe.